Zamanin da Kaboyi Ke Tayar da Ƙura a Ƙasar Zazzau

Mutumin Gazara da ya tashi a shekarun 1960 zuwa 1970, hanya biyu gare shi ta ganin hoto mai motsi. Ko dai ya jira motar majigi ta gwamnati ta biyo ta ƙasar Makarfi da rani, ko kuwa ya tara ’yan sulallansa ya nufi Zariya. Ta farkon kyauta ce, amma ba kai ke zaɓar abin da za ka gani ba. Mota ta iso da la’asar, mai shela ya zagaya gari, a kafa farin ƙyalle a filin makarantar firamare ko a ƙofar gidan sarki, bayan sallar isha’i a tayar da inji. Mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara: ga yadda ake shuka auduga a layi, ga amfanin lambar agana, ga Sardauna yana rangadi. Nan mutanenmu suka ga fim ɗin Baban Larai, nan kuma suka fara dariyar Charlie Chaplin, wanda akan saka a tsakani don kada jama’a su watse. Wani lokaci motocin kamfanonin talla, masu sabulu ko maganin ciwon kai, sukan zo da guntun fim na mahaya dawakai masu faffaɗar hula don su tara mutane kafin su buɗe hajarsu. Wannan guntun shi ke hana samari barci.

Wanda ya ɗanɗana ya ji bai ƙoshi ba, sai birni. Lokacin tafiya kuwa sananne ne: idan an sare rake, an dafa mazarƙwaila, dillali ya biya, aljihu ya yi ɗan nauyi. Samari biyu ko uku su haɗa baki, su ce za su gaida gwaggo a Tudun Wada, su ɗare bayan motar kaya. Silimar wancan zamani fili ce mai doguwar katanga babu rufi, benci a gaba na masu ƙaramin kuɗi, kujeru a baya na ma’aikata da ’yan kasuwa. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka buɗe irinta a Kano, kamar Rex ta Sabon Gari, kuma galibi ’yan kasuwar Lebanon ne ke da gidajen da kuma harkar shigo da fina-finan. Iyaye ba su taɓa yarda da wurin ba, kuma suna da hujjarsu. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya da ke Kano, mutum 331 suka rasu. Labarin ya ratsa ƙauyuka, malamai suka yi ta wa’azi da shi shekara da shekaru. Ga kuma abin da ke kewaye da ƙofar silima da dare: masu giya, ’yan caca, mata masu zaman kansu. A ce yaro ɗan silima ne, zagi ne da kan iya hana shi mata a gidan mutunci. Duk da haka aka riƙa zuwa, a ɓoye ko a sarari, kuma abin da ya fi jan samarin ƙauye a farkon lamarin shi ne fim ɗin kaboyi.

Abin da ya kamata mai karatu na yau ya gane shi ne, kusan babu mai jin Turancin da ake yi a cikin fim ɗin. Ko wanda ya yi elementare, Turancin hanci na Amurka ta cikin tsohuwar lasifika ya fi ƙarfinsa. Amma ba wanda ya taɓa fitowa ya ce bai gane ba. Cikin minti goma kowa ya san akta, ya san bos, ya san yaran bos, ya san laifin da aka yi: an kashe uban wani, an kore shanun wata bazawara, an ƙwace rijiya ko gona. Daga nan sauran aikin na ’yan kallo ne. Idan akta ya shiga mashaya wani ya laɓe masa da bindiga a saman bene, gaba ɗaya benci zai miƙe: “Ga shi nan a bayanka! Waiga!” Idan aka kaure da dambe, kowane naushi da amsarsa daga bakin mutum ɗari: “Ba shi! Ƙara masa!” Idan kuwa akta ya tsaya yana doguwar hira da budurwa, sai fito ya tashi, a fara kiran mai inji da ya wuce wurin. Fim ya tsinke, ko aka ga an yanke wani faɗa da wasu suka taɓa gani a baya, tukar rake da ɓawon gyaɗa su ne ke isar da saƙo. Mai silima ba ya bukatar jarida ta gaya masa ko fim ya karɓu; yana zaune a ofishinsa yake jin hukuncin ta taga. Kuma kowa ya shiga da doka ɗaya a ransa, wadda har yau yara ke faɗa: akta ba ya mutuwa, in ma zai mutu sai bos ya riga shi.

Akwai abin da ɗan ƙauye ya fi ɗan birni gani a fina-finan nan, wato doki. A yankinmu doki ba na hawan Sallah ba ne kawai. Shi ke zagaya injin matse rake tun asuba, shi dagaci ke hawa zuwa gaisuwar hakimi, kuma yaro kan tashi ya iya yankan ciyawa da ɗaura linzami kafin ya iya rubuta sunansa. Saboda haka idan kaboyi ya yi sukuwa, idon mutumin Gazara ba a kan hularsa yake ba. Yana duban zamansa a kan sirdi, yana duban yadda ya saki linzami ko ya ja shi, yana duban ko ƙafarsa ta zauna a likkafa. Na sha jin manyanmu suna gardama a kan wani ɗan wasa, wannan ya ce mahayi ne na gaske, wancan ya ce ƙarya ne, duk inda za a yi tsalle sai an nuno shi daga nesa, alamar wani ne ya hau masa. Sun gano dabarar masu shirya fim ba tare da kowa ya koya masu ba. Ƙasar da ake nunawa ma ba baƙuwa ba ce ƙwarai: fako, duwatsu, ƙura, garken shanu, ɓarayin shanu, rigimar manomi da makiyayi a kan mashaya da burtali. Mutum bai san inda Texas take ba, amma ya san me ake ji idan aka wayi gari turke babu komai.

Wanda ya je Zariya ya dawo, bashi ne a kansa. Da dare a dandali ko a gindin mai shayi za a kewaye shi, ya ba da fim ɗin daga farko har ƙarshe. Gwanayen abin sukan tashi tsaye, su kwaikwayi tafiyar akta, su yi ƙarar bindiga da baki, su sa wa kowa magana da Hausa, maganar da su suka ƙirƙira tunda ba su ji ta asali ba. Fim na awa ɗaya da rabi yakan ci dare biyu. Mu da muke ƙanana a ƙarshen zamanin, yawancin kaboyin da muka sani daga bakin yayyenmu muka gan shi kafin mu gan shi da ido. Washegari kuwa kara ya shiga uku: a yi bindiga da shi, a yi doki da shi, a raba unguwa biyu. Sunaye suka bi gari, wannan Jango, wancan Ringo, kuma akwai dattawa a yau da jikokinsu ba su san daga inda laƙabin kakansu ya fito ba. A ganina nan ne ma’aunin fim mai kyau yake a wancan lokaci: wanda za a iya ɗauko shi a ka daga Sabon Garin Zariya, a kawo shi ƙauye, a zazzage shi bai zube a hanya ba.

Ba mu kaɗai abin ya kama ba. A garuruwan haƙar tagulla na ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, masu bincike na shekarun 1950 sun tarar ’yan kallo suna kiran kowane jarumin kaboyi da suna ɗaya, Jack, suna yi masa ihu kamar yadda ake yi a Zariya. A Kinshasa samari suka kafa ƙungiyoyin unguwa suna kiran kansu da sunan Buffalo Bill. Amma wanda ya fi kowa fahimtar al’amarin maƙwabcinmu ne, Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya rasu a 2015. A 1966 ya yi wani gajeren fim, Le Retour d’un aventurier, labarin saurayin da ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka sauya sunaye, suka hau dawakai, daga wasa sai sata da duka da zubar da jini, har gari ya rasa yadda zai yi da ’ya’yansa. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin ’yan wasan. Alassane bai tsani kaboyi ba, da ganin fim ɗin ka san mai son abin ne ya yi shi. Amma ya ga abin da iyayenmu ke tsoro, ya kuma nuna shi da kayan aikin da kuɗinsu bai kai na abincin rana ɗaya a wurin ɗaukar fim na Hollywood ba.

Akwai wani gefe na kallon nan da yake da nauyi idan aka waiwaya. A fina-finai da yawa abokan gabar akta su ne waɗanda ake kira Jajayen Indiyawa, masu gashin tsuntsu a ka, masu kwari da baka. Idan sojan doki suka iso da bigila suka fara zubar da su, silima takan ɗauki tafi. Ba wanda ya gaya wa ’yan kallo cewa mutanen nan su ne masu ƙasar, cewa an tashe su daga gonakinsu da makiyayarsu, an karya alkawuran da aka yi da su, an yi masu kisan gilla irin na Wounded Knee a 1890. Alhali masu tafin nan jikokin waɗanda suka ga irin wannan rana ne da idonsu. Turawa sun shiga Zariya a 1902. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya ta yi arewa, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, kuma abin da ya raba gardama shi ne bindiga mai ruwa a gaban mahaya masu takobi da mashi. A 1911 jirgin ƙasa ya isa Kano ta cikin ƙasar nan tamu, ya fara kwasar gyaɗa da auduga. Labarin da fim ɗin kaboyi ke bayarwa ke nan, sai dai daga bakin wanda ya yi nasara. Ban ga laifin saurayin da ya yi tafi ba, domin an gina fim ɗin ne yadda dole zuciya ta bi mai farar hula. Abin lura shi ne ƙarfin wannan sana’a: tana iya sa mutum ya yi murna da faɗuwar wanda ya fi kama da kakansa.

Wani abin da ’yan kallo ba su sani ba shi ne, yawancin kaboyin da suka fi so daga tsakiyar shekarun 1960 ba na Amurka ba ne. Italiyawa ne ke yin su a busasshiyar ƙasar Almeria ta Sifen, da kuɗi kaɗan. A Fistful of Dollars na Sergio Leone, wanda ya fito da Clint Eastwood a 1964, an yi shi a kan abin da bai wuce dala dubu 200 da ’yan kai ba, labarinsa ma daga wani fim ɗin Japan aka ɗauko shi. Django na 1966, wanda Franco Nero ke jan akwatin gawa a cikin taɓo, shi ya bar mana sunan Jango. Magana kaɗan, kallon-kallo mai tsawo, kiɗa mai shiga jiki, sannan harbi. Kamar don mu aka yi su.

Daga baya kaboyi ya samu kishiyoyi. A shekarun 1970 fina-finan Chanis suka zo da Bruce Lee, yara suka ajiye bindigar kara suka koma tsalle da ihu. Indiya kuwa, wadda ta fara shigowa tun shekarun 1950, ta zo da abin da kaboyi ba shi da shi: uwa, auren dole, kunya, talaka da mai kuɗi, waƙa. Sannu a hankali ta cinye yawancin dararen mako a gidajen silima na Arewa. Sai dai kaboyi bai mutu ba, rawani ya sake. Sholay, wanda ya fito ranar 15 ga Agusta, 1975, fim ɗin kaboyi ne tsaf: ’yan fashi a kan dawakai cikin duwatsu, harin jirgin ƙasa, ƙauyen da aka ɗauko ’yan haya biyu su kare shi daga Gabbar Singh. A makonnin farko a Indiya masu sharhi sun kushe shi, kasuwa ta yi sanyi, har aka fara cewa kuɗin da aka zuba sun tafi. Sai waɗanda suka gani suka fara ba waɗanda ba su gani ba labari. Ƙarshenta ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. A nan ma haka ya yi. Dharmendra, wanda Hausawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, da Amitabh Bachchan sun gaji gurbin Jango a bakin masu ba da labari. A fim ɗin nan ɗaya daga cikin aktocin ya mutu, kuma mutane suka yafe, saboda an biya su da kukan da ya cancanta.

A can Amurka kuwa, kaboyi ya riga ya fara tsufa. A 1959 shirye-shiryen kaboyi fiye da 25 ne ke fita a talabijin ɗinsu a kowane mako, amma kafin shekara 20 abin ya ja baya ƙwarai. A 1980 Michael Cimino ya fitar da Heaven’s Gate, wanda ya ci dala miliyan 44 ya dawo da ƙasa da miliyan 4. Kamfanin da ya yi fim ɗin, United Artists, wanda Charlie Chaplin na cikin waɗanda suka kafa shi a 1919, bai farfaɗo ba. A 1981 aka sayar da shi ga MGM. A wannan shekara ta 1981 ce kuma ƙungiyar kamfanonin fim na Amurka ta dakatar da aiko da fina-finai Nijeriya saboda rigimar dukiyarta da gwamnati. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: kaset na bidiyo, kwafi a kan kwafi, gidan kallo mai janareta a kowane ƙauye, sannan faifai, sannan waya. Tafiya Zariya don kallo ta ƙare, mai ba da labari a dandali ya rasa aiki.

Shi ya sa lokacin da kamfanin Disney ya fitar da The Lone Ranger ranar 3 ga Yuli, 2013, na sa ido a kansa. Jarumin tsoho ne a wurin Amurkawa: ya fara a wani gidan rediyo na Detroit a 1933, ya yi zamani a talabijin daga 1949 zuwa 1957, da baƙin ƙyallen ido da farin dokinsa Silver da abokinsa Tonto, ɗan Jajayen Indiyawa. Disney ta ɗauko mutanen da suka tara mata dukiya da Pirates of the Caribbean, wato furodusa Jerry Bruckheimer da darakta Gore Verbinski da Johnny Depp, ta ce su maimaita. Tun a Agustan 2011 aka taɓa dakatar da aikin saboda tsada, aka rage, aka ci gaba. Sai da suka shimfiɗa layin dogo na gaske mai tsawon mil biyar a jihar New Mexico, suka ƙera jiragen ƙasa. Kuɗin yin fim ɗin an ƙiyasta su tsakanin dala miliyan 215 zuwa 250, ban da na talla, wanda shi ma ya haura miliyan 100. A kwana biyar na farko ya samu kusan miliyan 49 a Amurka, alhali wani fim ɗin zane na yara da suka fito rana ɗaya, Despicable Me 2, wanda aka yi a kan miliyan 76, ya kwashi kusan miliyan 143. Duniya gaba ɗaya The Lone Ranger ya tsaya a wajen miliyan 260, kuma kusan rabin irin wannan kuɗi masu gidajen silima ke riƙewa. A watan Agusta Disney da kanta ta sanar cewa tana sa ran asarar dala miliyan 160 zuwa 190. Depp da Bruckheimer da Armie Hammer, wanda ya fito a matsayin jarumin, suka ɗora laifin a kan masu sharhi, suka ce tun kafin a ga fim ɗin aka yanke masa hukunci.

Ni dai na kalle shi a faifai a gida Gazara, da hutun babbar Sallah, tare da wani kawuna da ya yi zamanin silimar Sabon Gari. Bai san Disney ba, bai karanta sharhin kowa ba. An yi kusan rabin awa sai ya juyo ya ce, “Kai, wai wane ne akta a nan?” Na ce, “Kawu, ga shi nan, mai farar hula.” Ya ce, “Wannan da ba ya son riƙe bindiga? Wanda aka ja kansa cikin kashin doki?” Na ce shi ne. Ya yi shiru. Da aka nuno farin dokin tsaye a kan reshen bishiya, sai ya ce, “Sun mai da doki abin wasa.” Can kuma bos ya farke ƙirjin yayan akta ya ci zuciyarsa, kawu ya sa aka fitar da yara daga ɗakin. Wurin da ya fi taɓa shi shi ne inda mahayan Jajayen Indiyawa na ƙabilar Comanche suka yo sukuwa aka tare su da bindiga mai ruwa aka ƙarar da su. Ya dafe haɓa yana salati. Kafin ya sauke hannu an koma barkwanci. Ya ce, “Yanzu aka kashe mutane, su kuma suna dariya?” Sai a minti 20 na ƙarshe, da kiɗan nan mai sukuwa ya tashi, jirage biyu suna tsere, doki yana gudu a kan rufin jirgi, na ga tsoho ya gyara zama yana buga cinya yana cewa, “Yawwa! Ba shi!” Da aka gama ya ce, “Da nan suka fara.”

Hukuncin kawu bai yi nisa da na ’yan kallon Amurka ba. Waɗanda suka je ba su tsane shi ba, da yawa ma sun yaba ƙarshensa, har darakta Quentin Tarantino ya sa shi cikin fina-finan da suka burge shi a shekarar. Amma yawancinsu manya ne masu tuna jarumin tun yarinta. Matasa ba su san shi ba, ba su kuma ji dalilin da zai sa su nema ba. Matsalar a wurina a fili take. Fim ɗin yana son ya zama wasan yara, yana son ya zama labarin kisan kiyashin da aka yi wa ’yan asalin Amurka, yana son ya yi wa tsohon jarumi ba’a, yana kuma son a yi masa tafi, duk a cikin minti 149. Niyyarsa ta nuna cewa masu jirgin ƙasa da masu haƙar azurfa da soja su ne azzalumai niyya ce mai kyau, ita ce gaskiyar da fina-finan dā suka ɓoye. Amma wanda zai faɗi wannan gaskiya ba ya ɗora wa Tonto mataccen hankaka a ka ya ba Bature, Johnny Depp, ya taka rawarsa, alhali tun a shekarun 1950 ɗan ƙabilar Mohawk ne, Jay Silverheels, ke fitowa a wannan matsayi. Kuma wanda yake jin kunyar jaruminsa kada ya sa ran ɗan kallo zai tashi tsaye dominsa. A gwada ɗauko wannan fim a ka a kawo shi dandali, za a ga ba ya ɗaukuwa.

Me ya sa kamfani mai hankali zai zuba irin wannan dukiya a abu ɗaya? Saboda tsarin da manyan kamfanonin suka koma a lokacin ke nan: a rage yawan fina-finai, a yi ’yan kaɗan masu tsadar gaske waɗanda za a sayar a Sin da Rasha da Brazil lokaci guda, a yi masu na biyu da na uku, a sayar da kayan wasan yara da sunansu. Idan abin ya ci, riba ba ta misaltuwa. Idan ya faɗi, babu ƙananan da za su tare. Fim mai cin miliyan 250 dole ya faranta wa kowa, yaro da babba, na gida da na waje, shi ya sa ake cusa masa komai har ya rasa ɗanɗano. Shekara ɗaya kafin nan, a 2012, Disney ta yi asarar kusan miliyan 200 a John Carter, shugaban sashen fina-finanta Rich Ross ya sauka. A Yunin 2013, makonni kaɗan kafin fitowar The Lone Ranger, darakta Steven Spielberg ya yi gargaɗi a wata jami’a ta California cewa ranar na zuwa da manyan fina-finai da dama za su faɗi a jere su girgiza sana’ar. Wasu suka ce ai kaboyi ne ya mutu. Lissafi bai goyi bayansu ba: True Grit na 2010 an yi shi a kan miliyan 38 ya samo wajen 250, Django Unchained na 2012 ya ci miliyan 100 ya samo fiye da 420. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba don tausayin Disney nake wannan dogon zance ba. Ta mayar da asararta tun a ƙarshen shekarar da Frozen. Damuwata tana gida. Masana’antarmu ta fina-finan Hausa ta fara ne da Turmin Danya a 1990, da kyamarar ɗaukar biki da kuɗin karo-karo, kuma ta tsaya da ƙafarta saboda masu yin ta suna zaune cikin masu kallonta. Da kasuwar faifai ta rushe aka koma YouTube da Arewa24, sai ga Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So sun nuna cewa har yanzu labari ne ke riƙe mutane. Amma ina yawan jin matasan masu shirya fim suna auna aiki da miliyoyin da aka kashe, da tsadar kyamara, da hoton da aka ɗauko daga sama. Mun kuma ga abin da ya faru da Amina, fim ɗin Izu Ojukwu da ya hau Netflix a 2021: an kashe kuɗi, an sha wahala, ya ci kyaututtuka, amma mutanen Zazzau da yawa sun kalla suna ƙorafin harshe da sutura, suna cewa ba su ga kansu a ciki ba.

Alhali kayan yin fim irin wanda ya tayar da iyayenmu tsaye suna nan jibge. Muna da hare-haren Ningawa a kan ƙasar Zazzau da Kano a ƙarshen ƙarni na 19, da garuruwan da suka yi ganuwa saboda su. Muna da fatake da madugai a hanyar Gwanja. Muna da 1903, wanda har yau ba a ba da shi a fim daga bakin waɗanda aka ci ba yadda ya kamata. Adamu Halilu ya gwada irin wannan hanya da Shaihu Umar a 1976, aka bar ta ta yi ciyawa. Dawakai da mahaya na gaske suna nan a kowace masarauta, duwatsu da fako ba sai an je Sifen ba.

Kirana ga masu shirya fina-finanmu shi ne su fara kashe kuɗi a kan marubuci kafin kyamara, su zaɓi labari ɗaya su tsaya a kansa, su girmama jaruminsu da wanda aka zalunta a cikinsa. Kafin a rubuta komai kuma, a je Makarfi da Ikara da Kudan da Hunƙuyi a zauna da tsofaffin da suka ji waɗannan labarai daga bakin kakanninsu, a naɗi muryarsu. Kowace shekara raguwa suke yi, don haka aikin na bana ne.